Kitsen da Aduke Ta Hana Mu Zubarwa

Yau Litinin. Ƙafafuna sun kumbura, a zaune na yi sallar asuba. Numfashin da ɗan sauƙi. Tun safe ake yayyafi a nan Agbowo.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, tara ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran Dokta Sidikat Aduke Folorunso, malamar jami'a mai binciken jijiyoyin jini, wadda a da ɗalibata ce. Ƙaninta Mufutau ne ya kawo mini labarin. Ya ce tana cikin ɗakin gwaje-gwaje ta dafe kai ta zauna a ƙasa, kafin a isa asibiti magana ta ɗauke. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Rabin rayuwata na yi ina koyar da yadda wannan ke faruwa. Na saurare shi har ya gama, sai na ji bakina yana tambayarsa ko ya ci abinci. Har yau hawaye bai sauko mini ba.

Ban je jana'iza ba. Na ɗauki hula da sanda, sai Mufutau ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa.

"Baba, kada ku ja mana abin faɗa. Ina kuka taɓa ganin uba a bakin kabarin 'yarsa?"

Na ce ai ba ni na haife ta ba.

Ya ce, "Ita ba ta san da haka ba."

Na mayar da hular. Al'adarmu ce, babba ba ya raka ƙarami, ni ma na sha tare tsofaffi da ita. Abin da ya rage mini shi ne wannan rubutu. Mufutau ya yi alkawarin zuwa yau ya karɓa, a karanta gobe wurin addu'ar kwana takwas. In bai isa can ba, za a watse ba a ji ta bakina ba.

Aduke, da hannuna na koya miki aikin. A fitar da babbar jijiyar ɓera, a yanka ta zobe-zobe, a bi da ƙaramin almakashi a tsince kitsen da ke manne da ita har ta fito fes, sannan a rataye ta da zare cikin ruwan gishiri mai ɗumi. A ɗiga maganin da ke sa ta tsuke, allura ta zana ƙarfin tsukewar a takarda. Haka Turawan da suka koyar da mu suka yi, haka muka koyar. Wanda ya bar ɗigon kitse a jijiya, sunansa ƙazami.

Kin fi kowa tsabtar hannu. Shi ya sa ranar da na leƙo na ga zobe guda rataye da kitsensa, na ɗauka gajiya ce. Kika durƙusa kika gaishe ni, kika ce kin karanta cewa wasu masana a waje sun gwada hakan, kina so ki gani da idonki. Muka tsaya. Aka ɗiga magani iri ɗaya. Allurar zoben da aka tsince ta haura sama, ta mai kitsen ta tsaya a hanya. Sai kika ɗebi ruwan da mai kitsen ya zauna a ciki, kika zuba wa tsintaccen. Ina kallo allurarsa ta fara saukowa a hankali. Ashe kitsen nan yana fitar da wani abu da ke lallashin jijiya ta saki jiki.

Kika ce, "Baba, ku da kitse wace irin gaba ce? Ko a miya sai kun ture shi gefe."

Na ce, "Ke kuma ga shi kin tara nasa da naki."

Kika yi dariya har kika riƙe tebur. Ba ki taɓa jin haushin a tsokane ki da ƙiba ba. Daga ranar ba a ƙara zubar da kitse a ɗakin nan ba sai an gwada shi.

Sauran shekarunki a kansa kika ƙarar. Kika nuna wa ɗalibai cewa kitsen ba kullum yake aboki ba. A jikin ɓeran da aka ciyar har ya yi teɓa, ko mai ciwon suga, sai ya daina lallashin, jijiya ta zauna a tsuke, jini ya hau. Na taɓa ce miki ki duba jikinki. Kika ce, "Baba, ku bari in gama da ɓeraye tukuna, su ne ba su da kowa." Ban sake tayar da maganar ba.

Da na bar aiki, matata ta rasu, 'ya'yana suka yi nisa, sai ƙafa ta ɗauke daga gidan nan in ban da taki. Kowane mako kina tafe da amala da miyar ewedu, wato lalo, da abin awon jini a jaka. Ki ɗaure mini hannu, ki duba, ki harare ni.

"Kun sha maganin kuwa, ko kun ba kaji?"

Na ce ki daina wahalar da kanki, hanyar ba kyau. Kika ce jijiyar da aka tsince wa duk abin da ke kewaye da ita ba ta iya sakewa, ke kuma ba za ki bari a tsince ni ba. Wani lokaci ki zo da sababbin ɗalibai, wai in nuna musu ƙullin zare. Na san kin fi ni iyawa. Hannuna na rawa, kika hana su ƙyaftawa har na ƙulla.

Abin da ya saura sai addu'a.

Allah ya jiƙanki, Aduke. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata miki kabari, ya haskaka shi. Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa binki da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Alhaji Tiamiyu, da 'ya'yanta Rukayat da Moshood, da mahaifiyarta wadda ita ma aka zaunar a ɗaki kamar ni, da ɗalibanta duka. Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Mu da muka riga ta zuwa duniya, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

An kira magariba. Mufutau bai zo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Gidan makoki ba ya rasa hidima, ban ga laifinsa ba. Na miƙe na dafa bango, na karanta takardar da ƙarfi tun daga farko, na ce amin.