Yadda Muka Gayyato Tsohuwar Ruga

Yarinyar nan tawa, wadda ba na kiran sunanta saboda ita ce ta fari, ta gama karatu ta dawo gida Haɗeja da wani abu a jaka mai kama da kan muciya, an sa masa hular soso baƙa. Ta ce makirfo ne, ƙawarta ce ta ara mata zuwa girbin shinkafa. Wai fodkas za ta fara. Na ce ta sake faɗa a hankali, don ni sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ta ce, "Umma, kamar shirin rediyo ne, amma a waya ake ji, duk sanda mutum ya ga dama. Zan riƙa zama da matan yankin nan su ba da labarinsu da bakinsu."

Na ce Allah ya taimaka. A raina kuwa na ce, matan yankin nan da surutu, ai sai ta rasa inda za ta zuba.

Ashe surutun tsakar gida daban, na gaban makirfo daban. Wadda ta fara gayyata mai ƙyafa kifi ce a unguwarmu, matar da in ta fara magana sai kifinta ya kusa ƙonewa. Ta ce sai ta tambayi maigida, maigidan kuma kullum yana fadama. Mai saƙar tabarma ta ce in sha Allahu, irin wanda ake faɗa ana kallon gefe. Wata daga Kaugama ta amsa, har ta zo, ta sha lalle da sabuwar atamfa duk da an gaya mata ba a ganin mutum. Da aka kunna, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Yaya kika fara sana'a? Alhamdu lillahi. Wace wahala kika sha? Babu, alhamdu lillahi. Daga nan ta nemi izinin gaishe-gaishe, ta gaida dangin uwa da na uba har da waɗanda suka rasu.

Mun yi dariya ranar, amma dariyar yarinyar ba ta kai ciki ba. Shinkafa ta fara sunkuyar da kai a fadama, ita kuwa ba ta da hira ko ɗaya da za ta sa wa mutane. Wata safiya na gan ta tana naɗe wayar makirfon tana sa shi a jaka.

"Zan mayar mata, Umma. Ba wadda za ta yi magana."

Ba a san uwa da lallashin 'yar fari a fili ba. Na dai ci gaba da tsince wake.

Ana cikin haka mai kawo mana nono ta yi sallama, wata Bafulatana daga rugar da ke bayan Auyo. Ta sauke ƙwarya, ta ga jakar, ta tambaya, aka gaya mata. Ta yi dariya tana dama fura.

"In labari kuke nema, akwai tsohuwa a rugarmu. Shekarar wani babban ruwa, ba ta daɗe da aure ba, ita kaɗai ta ƙetare kogi da shanu. Kowa ya san an yi, amma ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Ko mu ba ta gaya mana."

Na ga idon yarinyar ya buɗe. Ta zaro waya ta ce a ba ta lamba ta tura saƙon murya. Mai nono ta ce tsohuwa ba ta riƙe waya, kuma ko tana riƙewa, wa zai aika wa babba murya ba ƙafa?

Sai na ji bakina ya ce, "A je a gaishe ta mana. Ni ma na daɗe ban ga ruwan Auyo ba."

Na nemi izini wurin mahaifinsu, ya ce a dawo lafiya, a kuma taho masa da man shanu. Na sayi goro fari mai kyau, da sabulu, da turare ɗan kaɗan. Muka hau mota zuwa Auyo, daga nan babur, har inda hanya ta nutse a ruwa, sannan kwalekwale. Yarinyar ta rungume jakar makirfo a ƙirji kamar jinjiri. Mai tuƙi yana turawa da gora ta cikin doguwar ciyawar kachala, tsuntsaye farare suna tashi daga gonakin shinkafa, ni kuwa ina ta karanta duk addu'ar da na sani, don rabona da jirgin ruwa tun ina budurwa.

Mun tarar da tsohuwar a inuwar bukkarta tana goge ƙore. Doguwa ce siririya, ta tsufa amma bayanta a miƙe. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na ja hijabina na rufe rabin fuska, na tura goro gabanta. Na yi magana da muryar da nake yi wa surukai.

"Inna, mun zo gaisuwa ne, da ɗan roƙo. Yarinyar nan ce take tara labaran iyaye, aka ce mana kin taɓa ƙetare kogi da garke."

Ta sa albarka a goron. Ta sa aka kawo mana fura mai sanyi. Sannan ta ce, a hankali, tana kallon ƙwaryar hannunta, "Mutane dai da magana. Allah ne ya ƙetarar da shanu."

Yarinyar ta gwada nata. Ta yi bayanin shirin, ta ce jikoki za su ji, ta ce ba hoto, ta ce in ba ta so ba za a faɗi ko sunan rugar ba. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ku sha fura."

Na ƙara ladabi, ita ma ta ƙara. Duk sanda na sunkuyar da kai sai ta fi ni sunkuyarwa. Muka zauna muna ta yi wa juna kunya kamar sababbin surukai, har rana ta take tsaka. Na dubi yarinyar, na ga ta ɗora hannu a kan jakar. Na san abin da ke ranta: gobe makirfo zai koma wurin mai shi.

Azahar ta yi, na ce bari mu yi salla mu kama hanya. Tsohuwa ta miƙo mini buta. Na koma gefe na tura hijabi baya don alwala. A gefen fuskata, kusa da kunne, akwai zane dogaye da kakata ta wajen uba ta sa aka yi mini ina jaririya. Ita Babarbariya ce daga wajen Birniwa. Zanen ya dushe, ni kaina nakan manta da shi.

Ina shafar kai sai na ji murya a bayana, ba irin ta ɗazu ba.

"Ke! Tsaya. Juyo nan."

Na juyo da ruwa a fuska.

"La'ilaha illallahu! Babarbariya ce! Tun safe baiwata ce zaune a kan tabarmata, ina ta ba ta fura da ludayin baƙi?" Ta tafa hannu ta ƙwala wa matan rugar kira. "Ku zo ku ga abin da ruwa ya kawo! Ta rufe fuska don kada in gane ta in sa ta wankin ƙore!"

Wanda bai taso a wajenmu ba zai ce faɗa ne. Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun na kakanni: duk inda aka haɗu sai an yi wa juna tsiya, kowa ya ce shi ne ubangidan wani, kuma ba mai fushi. Babba da yaro, sarki da talaka, wasan ya share duk wannan. Ni dai ba mai yawan magana ba ce, ban taɓa zaton ina da bakin yin sa ba. Amma ina jin ta ce baiwa, sai muryar kakata ta taso mini daga inda take kwance.

Na ce, "Wa ya ga baiwa da goro a hannu? Uwargijiya ce ta zo duba dukiyarta. Shanun nan ma na ga sun rame, ba kya kula da su."

Matan rugar suka fashe da dariya. Yarinyar ta saki baki tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Tsohuwa ta ce, "Ji bakinta! Ku da kuka zane fuska kamar kaza ta yi tono a danshi!"

"Mun zane don kada mu ɓata. Ku da kullum kuna daji, wa zai neme ku?"

Muka yi salla, muka dawo tabarma, aka ɗora daga inda aka tsaya. Ta karɓe ludayin baƙi ta ba ni wani mai tsaguwa. Ta ce Barebari ba su san nono ba sai sun gan shi a kasuwa. Ni kuma, ba da wata dabara ba, don dai in rama, na ce, "Ni fa yanzu na gane abin da ya sa ba kya ba da labarin kogin nan. Bafulatana da ruwa? Ai ko a kwalekwale sai an rufe muku ido. Saniya ce ta yi iyo, ke wutsiya kawai kika kama kina kuka."

Ta ajiye ƙwaryar da take gogewa.

"Kuka? Ni?" Ta gyara zama. "Da hannu ɗaya na kama wutsiyar, ke 'yar masu zane. Ɗaya hannun yana kan ƙwarya a kaina. Maza sun tafi neman tudu ba su dawo ba, ruwa ya zagaye mu, da safe yana gwiwa, kafin la'asar ya kai ƙugu. Na kira uwar garken da sunanta, ta dube ni, na ce mata yau ni da ke ne..."

Matan da suka yi shekaru tare da ita suka matso. Na ga hannun yarinyar ya tafi kan jaka ya tsaya. Ba ta buɗe ba. Ta bari har tsohuwa ta ja numfashi, sannan ta ce, "Kaka, in kunna? In kin ce a'a, a'a ne."

Tsohuwa ta dubi jakar, ta dube ni.

"Kunna. Ba don ke ba, 'yar nan. In ban faɗa da bakina ba, wannan za ta koma Haɗeja ta ce kuka na yi. Amma ta zauna nan gabana, inda zan riƙa ganin zanen."

Haka aka yi hirar. An kafa makirfo a kan turmin da aka kifa, iska tana kaɗa hular soson, ɗan maraƙi yana kuka a bayan bukka. Yarinyar ta yi tambaya biyu ko uku, sauran duk ni da tsohuwa ne. In ta yi shiru sai in ce, "To, nan ne kika nutse ko?" Sai ta hayayyaƙo ta ci gaba. Ta faɗi yadda shanu suke shiga ruwa a jere in uwar garke ta shiga, da yadda igiyar ruwa ta karkatar da su har suka fita can ƙasa da inda ta nufa, da yadda ƙafarta ta taɓa laka ta ƙi yarda ƙasa ce.

Can na tambaye ta, "Wai me ke cikin ƙwaryar da kika ƙi saki? Nono?"

Wata daga cikin matan ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Wani yaro ne," in ji tsohuwa. "Yana ta barci abinsa, bai san ana yi ba."

"Wane yaro?"

"Wani dai. Yana nan, ya yi furfura yanzu." Ta kawar da kai wajen shanu. "Ni ƙwaryar nake ji. Ta gado ce, ta uwata."

Ban ƙara tsokanarta a kan wannan ba. Na gane ɗan farinta ne, kuma na gane abin da ya rufe mata baki shekara da shekaru: ba yadda za ta ba da labarin nan ba tare da an ga abin da ke ranta game da shi ba. Na ce, "Lallai ƙwarya ta yi sa'a." Ta ce, "Ta yi." Muka dubi juna, ni da ita, ba wadda ta dubi yarinyar da ke riƙe da waya a gefena.

Da shirin ya fita, har daga Kano aka riƙa kiran yarinyar. Ƙawarta ta ce ta riƙe makirfon, girbi ya zo ya wuce ba a sake zancen mayarwa ba. Mai ƙyafa kifi ta aiko cewa maigida ya dawo daga fadama. Ni kuwa kwana biyu ban iya fita unguwa ba, don duk inda na bi sai a ce, "Ashe haka kike da baki?" Mahaifinsu ya saurara a zaure tare da abokansa, ya shigo yana dariya ya ce shekarun nan duka da wa yake zaune.

Mai nono ta kai wa tsohuwa shirin ta ji a wayarta. Ta dawo mini da man shanu cikin 'yar ƙwarya da saƙo: wai a gaya wa baiwarta ta shafa a zanen ko ya cike, kuma muryarta a waya kamar ta akuya.

Da yamma ina shafa wa tuwo man, yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni, kusa fiye da yadda ta saba.

"Umma, ke da tsoron kwalekwale, me ya kai ki har rugar nan?"

Na ce, "Babanku ne ya ce yana son man shanu."

Ta yi dariya ta ce, "To, akwai wata tsohuwa a Birniwa mai saƙar faifai. An ce Babarbariya ce, ba ta magana da kowa."

Na ce wannan kuma ba aikina ba ne, 'yar'uwata ce, kunya za mu yi ta yi wa juna. Sai dai a koma bayan Auyo a ɗauko waccan Bafulatanar ta tsokane ta.