Clifford Sugden, Bahagon Dole

Duk wanda ya manyanta a garin Morecambe ya san Clifford Sugden, don shekara talatin da takwas ya yi yana shiga gidajen mutane duba mitar gas. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara kwalar riga ya ce maka shi makaɗi ne.

Ubansa masunci ne, jatan lande yake kamawa. Clifford yana da shekara goma sha biyar wani mawaƙi, Vic Tarrant, ya zo garin da jar jitarsa, zamanin da kiɗan rok ke tashe, 'yan mata na ihu har suna suma. Tun daga ranar Clifford bai sake zama kansa ba. Ya sayi jar jita. Da ya lura Vic bahago ne, sai ya juya tsirkiyoyin tasa ya koma kaɗawa da hagu, alhali ko cokali bai iya riƙewa da wannan hannun ba. Abin da wani zai koya a wata shida, shi sai da ya shekara bakwai, maƙwabta na dukan bango.

A tsakiyar babbar waƙar Vic akwai wani salo, bai fi daƙiƙa ashirin ba, inda yatsu ke gudu kamar ana korarsu. A kansa Clifford ya ƙarar da ƙuruciyarsa, faifai uku ya kashe. Ya kuwa iya shi, wannan ba a hana shi ba. Sai dai bayan shi bai iya komai ba. Ko bikin aure aka kira shi, ko gidan tsofaffi ranar Asabar, salon nan ɗaya zai yi ta nanatawa har jama'a su watse wajen shayi.

Matarsa Glenys, mai shagon kifi da soyayyen dankali, ta gaji da magana amma ba ta daina ba.

"Cliff, mutumin nan fa bai san da zamanka a duniya ba."

"Makaɗi ya san makaɗi, Glenys. Ke kifi kika sani."

"Kifin dai shi ke ciyar da makaɗin."

Clifford yana da saba'in da ɗaya aka liƙa takarda cewa Vic zai yi wasa a zauren bakin teku da ƙarfe uku na rana. Ya sa rigar fatarsa da ta daina rufe tumbi, ya rataya jita, ya ja Glenys. Sai ga Vic ya fito yana dogara sanda, kai ƙwal, aka ajiye masa kujera. Da aka zo kan salon, wani mai gemu da ke tsaye a bayansa ne ya kaɗa, Vic kuwa yana ɗaga wa mutane hannu.

"Ciwon gaɓoɓi ne," in ji Clifford, ba tare da an tambaye shi ba.

Bayan an tashi suka bi layin masu neman sa hannu. Vic na zaune yana cin burodi da cuku.

"Wa za a rubuta wa, abokina?"

"Clifford, ranka ya daɗe."

Ya rubuta Gilbert. Clifford bai ko duba ba, ya riga ya gyara jita ya shiga salon, daga farko har ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Vic ya haɗiye lomarsa.

"Kai, ka iya abin nan. Ni ban taɓa iya shi ba. Wani mutumin Glasgow aka ɗauko ya kaɗa a faifan, ko sunansa ban riƙe ba. Da hannun dama ma ya kaɗa, ina jin ya fi sauƙi. Na baya, matso."

Glenys ta daure har suka kai tashar bas, sannan dariya ta ƙwace mata, sai da ta dafa ƙarfe.

"Shekara hamsin da shida, Gilbert," ta ce tana share hawaye. "Ka bi kurma kana tambayarsa hanya."

Wani mai rabo da nan zai gane. Clifford kwana biyu ya yi yana zaune a ɗakin baya yana kallon hannunsa na dama. Rana ta uku ya fita, ya dawo da kai ƙwal da sabuwar sanda, shi da ƙafarsa garau. A mashaya kuwa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya ji labari: "Vic da bakinsa ya ce na fi shi."

Yanzu yana da saba'in da shida. Har gobe yana zuwa gidan tsofaffi, a zaune yake kaɗawa. Ma'aikatan gidan sun ce da an hango shi a ƙofa, tsofaffin sai su sa hannu su kashe na'urar ƙara ji da ke kunnensu. Glenys ta sayar da shagon, duk Asabar tana Lancaster wajen ƙanwarta.