Allon da Na Kafa a Bakin Rami

Shekarun baya, unguwarmu da ke bayan kasuwar Gudu ba haka take ba. Yau duk inda ka duba kwalta ce da katanga. A lokacin kuwa, farkon dawowar mulkin farar hula, gini ake yi ko'ina, ka kwana da fili a gabanka ka tashi an haƙa harsashin bene. Wani ɗan kwangila ya kwashi jar ƙasa a bayan gidajenmu, ya tafi ya bar mana rami mai zurfin gaba biyu. Damina ta cika shi, yaran unguwa suka samu wurin iyo.

Ni a lokacin ban daɗe da yin ritaya ba, bayan shekaru ina aikin tafinta a ƙasashen waje. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, kuma ba na bari a manta. Saboda haka da magidanta suka zauna kan maganar ramin bayan la'asar, ba a ja ta ba. Aka ce, "Alhaji zai rubuta mana."

Na rubuta wa hukuma takarda shafi biyu, sannan na zauna tsara allon gargaɗi. Kwana uku ina auna kalmomi kamar mai sayar da zinariya. Mu "hana" ɗaya ta ishe mu, amma Bature ya rarraba tasa. "Forbid" ta uba ce ga ɗansa. "Prohibit" ta hukuma ce, da hatimi take tafe. "Deter" ka tsorata mutum ne har ya fasa da kansa. Akwai kuma "prevent", wato ka tare abu tun bai auku ba, amma na ture ta gefe don ba ta da kwarjini a kan allo. Na sa aka rubuta "Swimming Strictly Prohibited" da jan fenti, da fassarar Hausa a ƙasa.

Maƙwabcina, wani Bakatsine mai sayar da kayan gyaran manyan motoci a kasuwa, ya tsaya ya ƙare wa allon kallo.

"Alhaji, Turanci ya yi Turanci. Amma yana da hannu?"

"Hannun me?"

"Na cafko yaro in ya zame."

Na shiga yi masa bayanin nauyin kalmar "strictly". Ya saurara har na gama, ya ce, "To, Allah ya sa ruwan ya yi boko."

Abin kunyar shi ne na san gaskiyarsa. A Alƙahira na sha ganin mutane suna kurɓar shayi a gindin allon da aka rubuta "mamnu'", wato "an hana" da Larabci. A Dakar na ga mai kifi ya jingina tirensa da allon "interdit", "an hana" ta Faransanci. Amma waɗannan allunan wasu ne, nawa gani nake daban yake. Kafin mako ya zagayo, yara sun mayar da shi wurin rataye riguna.

Wata Asabar da hantsi matata ta leƙo falo. "Malam, yarinyar nan tana wurinka?" Jikarmu take nufi, 'yar shekara shida da aka kawo mana hutu. Na ce a'a, na ɗauka tana kicin. Muka duba ɗakuna, muka duba bayan gida, ba ta. Ƙofar waje a buɗe.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni bakin ramin ba. Ba kowa a wurin. Ruwan ya kwanta lif. A gindin allona kuwa ga silifas ɗinta, 'yan ƙanana, a jere.

Ban iya iyo ba, amma na faɗa da rigata da hulata. Tun daga gefe ruwa ya kawo mini ƙirji, ina laluben taɓo da ƙafa, ina ƙwala mata kira. Harsuna huɗu nake taƙama da su, a ranar babu abin da ya rage a bakina sai sunanta da salati.

Sai na ji muryar matar maƙwabcina daga kan tudu. "Baba, fito! Ga ta nan! Tun ɗazu tana gidanmu!"

Ashe taɓo ne ya ɓata mata silifas ta tuɓe su, ta bi 'yar gidan suka tafi a yi musu lalle. Aka jawo ni waje, hula ta tafi. Yarinyar ta matso, hannayenta a ɗage kada lalle ya goge, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kaka, ba ka karanta allon ba? An hana shiga!"

Na rungume ta da jiƙaƙƙiyar rigar, ina dariya hawaye na zuba.

Washegari da safe ƙugin mota ya fito da ni. Tifa ce take juye ƙasa a ramin, maƙwabcina na tsaye yana yi mata "zo, zo, ya isa". Ya ce mini masu haƙa harsashin manyan gidaje a Maitama kullum neman wurin zubar da ƙasa suke, direbobi na ƙona mai zuwa bayan gari. Duk a shagonsa suke sayen kaya, magana ɗaya ya yi musu.

Direban ya leƙo ta taga. "Oga, gobe ma mu kawo?"

Maƙwabcina ya ce, "Ku yi ta kawowa har sai Alhaji ya rasa wurin wanka."

Kwana tara ramin ya shafe. Amsar hukuma ta iso bayan damina ta wuce, tana cewa ana duba lamarin.

Har yau ina son kalmomi, ina kuma koya wa jikokina bambancinsu. Sai dai in muka zo kan "prevent" ba na buɗe ƙamus, tifa nake kwatanta musu. Allon kuwa, matata ta rufe akurkin kaji da shi har ya ruɓe. Yarinyar ta girma, yanzu ita ma tana da 'ya. Inda ramin yake ya zama filin ƙwallo, kuma tun daga shekarar babu uwar da ta sake fita neman ɗanta a bakin ruwa a unguwarmu.