Ƙafar Kawu Ilu da Ƙarfen da Aka Lanƙwasa

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, tela a Ƙofar Mazugal. Wada ne, tsayinsa da kaɗan ya wuce ƙuguna, kuma doka ɗaya ya kafa wa duniya: ba a ɗaukarsa. Ko mota zai shiga, gara ya yi ta fama shi kaɗai da a cicciɓe shi kamar yaro.

Yana da shekara sittin da ɗoriya santsi ya kwashe shi a wajen alwala, ƙashin cinyarsa ya karye. A gidanmu kuwa karaya ta maɗori ce tun kaka da kakanni. Maɗorin ya zo ya shafa ƙafar, ya ce a riƙe masa Kawu zai ja ta ta miƙe. Kawu yana gumi ya ce, "Malam, ƙafar nan a lanƙwashe na zo duniya da ita. In ka miƙar da ita, ta wa za ta zama?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dole muka ɗauke shi a tabarma zuwa asibiti, ya rufe fuskarsa da hula don takaici. Dangi suka ce tsoho ba zai farka daga allurar barci ba. Ni na sa hannu a takardar tiyata, kuma na ji tsoro ƙwarai. Amma na san in aka bar shi a kwance ana ɗaga shi ana ajiyewa, baƙin ciki zai riga ciwon kashe shi.

Ƙarfen da ake ɗaure ƙashin manya da shi ya yi wa cinyarsa tsawo. Sai likitan ya ɗauki hoton ƙafar mai lafiya, ya samo gajeren ƙarfe, ya lanƙwasa shi daidai da ita. Da Kawu ya ji labari ya ce, "Ashe shi ma tela ne, sai ya auna yake yanka." Kafin shekara ta zagayo yana takawa masallaci da 'yar sandarsa.

Da zai leƙo yau ya ga yadda ake nuna wadanni a waya ana dariya, tsaki zai ja. Sai dai akwai abin da zai faranta masa. Bara wata dattijuwa irinsa ta karye a Kabara, 'ya'yanta suka zo neman shawarata. Na ce su kai ta asibiti, su tabbatar an auna nata ƙashin, ba na wani ba. Yanzu da ƙafarta take zuwa biki.

Kekensa na ɗinki ya yi tsatsa, rigunan da ya ɗinka mana sun tsufa, amma dokarsa ta tsaya. Shekara takwas ya ƙara bayan tiyatar, ba wanda ya sake ɗaga shi daga ƙasa sai ranar da muka sa shi a makara. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu.