Kukan Wanit ɗin Mai Dabino

Lokacin da na gaji da aikin tafinta na dawo Madina na zauna, akwai wata farar wanit a lungunmu na Al-Sih, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ta wani mutumin Chadi ce da ke saro dabino daga Khaibar. Lungun ya yi ƙunci, mota ba ta juyawa a ciki, don haka da baya yake shigowa. Da ya sa ribas sai motar ta fara wani siririn kuka mai hawa da sauka. Matan unguwa har sun yi masa waƙa, "Dabino ya zo, dabino ya zo," suna rarrashin jarirai da ita.

Ranar da na fara jin kukan, muna zaune da dattawa a ƙofar shagon wani tela ɗan Sudan, inda muke shan shayi bayan la'asar. Na ajiye kofi na ce, "Ai na san wannan kiɗan."

Na ba su labari. Wata shekara aiki ya kai ni birnin Viyana, can Turai, mutanen da nake yi wa tafinta suka ja ni wani zaure mai hawa uku. Wata mata cikin baƙaƙen kaya ta zauna gaban fiyano ta kaɗa wannan sautin, zauren maƙil da jama'a, ba mai ko tari. Aka ce mini wanda ya tsara shi ya mutu tun ba a haifi kakana ba.

Tela ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. "Haram alek, ya Alhaji! Wato Turawa su yi wanka, su sa kwat, su tafi sauraron ribas ɗin mota?"

Mai dabino ya leƙo ta tagar motarsa. "Kawu, a wurin masu kayan mota na sayi abin nan. Bai fi akwatin ashana ba. Ko matar tana ciki ne?"

Da dariya kawai aka tsaya, da ban damu ba. Amma a cikinmu dattijo ba shi da kadarar da ta wuce maganarsa. Shi ake aikawa neman aure, shi ake kira idan maƙwabta sun saɓa. Daga ranar, duk labarin da na ɗauko sai wani ya fara rera kukan wanit ƙasa-ƙasa. Sau biyu aka yi zaman sulhu a lungun ba a kira ni ba.

Matata ta ce, "Malam, ka ce musu wasa kake yi mana, kowa ya huta."

Na ƙi. Na ji kiɗan nan a Istanbul a motar masu sayar da gas, na ji shi a lif ɗin wani otal a Alƙahira, na ji shi a agogon bangon wani abokina a Kano. Duk inda ya sauka sai mutanen wurin su ɗauka nasu ne. Amma da idona na ga inda ake zama a yi masa shiru.

Da wayar hannu ta shigo na yi zaton gaskiyata ta fito, don wata rana jawwal ɗin tela ta ɗauki wannan kukan a aljihunsa. Ya ciro ta ya nuna wa jama'a. "Kun gani? Har kamfanin waya ya sato daga wanit." Aka sake fashewa da dariya.

Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ina ƙofar gidana na ji kukan wanit, sai ga mai dabino ya fito a guje, ba takalmi, shinkafa a hannu, yana ihun ɓarawo, "Harami! Harami! An ɗauke mini mota!" Ya yi turus. Ga wanit nan a inda ya ajiye ta, ko injin bai yi ɗumi ba. Kukan kuwa bai tsaya ba. Daga tagar gidansa yake fitowa. A satin ya kafa dish, 'yarsa ce ke canza tasha.

Ya dube ni, na dube shi. Ya kama hannuna ya ja ni har falo.

A talabijin, wani farin tsoho ne cikin baƙin kwat gaban fiyano, bayansa layi-layi na mutane sun yi tsit. Kukan motar yakan kai wani wuri ya koma farko. Tsohon ya kai wurin ya wuce, sautin ya buɗe, ya yi kauri, ya shiga inda ba wanda ya taɓa ji a lungunmu. Daga bayan labule matar gidan ta ce, "Ashe waƙar tana da saura!"

Da la'asar mai dabino da kansa ya yi magana. Ya tsaya gaban dattawa ya ce, "Wallahi Kawu ya faɗi gaskiya. Na gan su da idona, ko tari ba sa yi."

Tela ya yi ta juya cokali a kofi. Can ya ce, "Astagfirullah. Wato duk shekarun nan da kiɗan Turawa matata ke rarrashin jikokina?" Ya cika kofi, ya miƙo mini kafin kowa.

Bayan wata biyu mai dabino ya zo gidana ya durƙusa, ya ce ni yake so in jagoranci neman auren ɗansa a unguwar Al-Azizya. Muka tafi cikin wanit ɗin, ni a gaba da sabuwar alkyabba, tela a matse a gefena. Lungun gidan surukan ma ƙunci gare shi. Mai dabino ya sa ribas, motar ta fara, yara suka fito kallo.

Tela ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Ya Alhaji, mu ma sai mu yi shiru?"

Na ce, "Ko tari kada ka yi."