Kafaɗar Hagu

Sai da na yi ritaya daga sakatariya kafin na ji mahaifiyata ta yi zancen uwar da ta haife ta. Shekara sittin ina gabanta, ko da wasa ba ta taɓa yi ba.

Abin da muka sani guntu-guntu ne, daga bakin tsofaffin Unguwar Shanu. Wai kakarmu Bagwariya ce mai ginin tukwane, daga ƙauyukan da Kaduna ta haɗiye. Wani Baturen mulki ya ajiye ta a bariki, aka haifi Inna. Da zai koma ƙasarsu ya sa aka karɓe yarinyar tana shekara bakwai, aka ba akawunsa, wani Bazazzagi, ya riƙe. Inna ta tashi fara sol, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. In na tambaye ta sai ta ce, "Ni Bahaushiya ce, tashi ki ba ni wuri."

Ni na haƙura tuntuni, 'yata ce ta ƙi. Ta karanto ginin yumɓu a Zariya, ta dawo ta mai da mini bayan gida wurin kwaɓa laka, ina mita tana dariya. Da ta ce za ta gina siffar kakar tamu, mahaifinta ya yi faɗa a kan mutum-mutumi, ta ce ba za ta yi masa fuska ba, dama babu wanda ya san fuskar. Sati uku tana ginawa. Mace ce a tsaye, ta kai mini ƙugu, da ɗaurin ƙirji, da gammo a ka. A bisa gammon ta ɗora hular nan ta Turawan mulki mai kama da ƙwarya, bakinta sama, kamar kayan da aka aza mata.

Tsoro ya kama ni. Inna ta kai tamanin, ga hawan jini. In ta gani ta yi fushi, ƙofar ta rufe ke nan, za ta tafi da labarin uwarta a ciki. Na ce a lulluɓe shi da buhu, yarinyar nan ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Rannan da hantsi Inna ta dogaro sandarta ta zagayo bayan gida. Ta tsaya a gaban mutum-mutumin.

"Ke, wace ce wannan?"

"Kaka, mahaifiyarki ce."

A raina na ce yau mun shiga uku.

"Mahaifiyar wa? Kin taɓa ganin Bagwariya da kaya a ka? Abin da aka koya miki a Zariya ke nan? Kai na tunani ne, ba a wulaƙanta shi. A kafaɗa muke ɗauka."

Ta miƙo mini sandar, ta ce a kawo ruwa. Yumɓun bai bushe ba tukuna. Matar da kofin shayi ke rawa a hannunta, ita ce ta sa yatsu ta ɓamɓare hular ba tare da ta tsage ba, ta jefar da gammon. Ta murza laka a tafin hannu ta yi doguwar igiya, sannan ta fara zagaya ginin da baya da baya, tana liƙawa tana shafewa. 'Yata ta raɗa mini cewa haka maginan Gwari suke yi, su ke zagaya tukunya. Shekara saba'in da ɗoriya hannun nan yana ɓoye da wannan abu, muna cin tuwon da ya tuƙa ba mu sani ba.

Ta zaunar da hular a kafaɗar dama, a cikin tafin hannun da ta gina wa matar a ɗage. Daga nan ta koma ta hagu, ta danna yatsunta huɗu a cikin yumɓun har suka lotsa.

'Yata ta ce, "Kaka, bari in shafe wurin."

"Kar ki taɓa." Ta goge hannu a zanenta. "Ranar da suka zo ɗaukata, nan na riƙe. Sai da akawu ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya."

An gasa shi bayan sati biyu, ya fito ja da baƙi-baƙin hayaƙi. Inna ta rasu da damina ta zagayo. Yana nan a falona, kuma in zan wuce nakan sa yatsuna a ramukan nan huɗu.