Kwalaben Ruwan Bola Zuwa Sheda

Mun tashi daga Masaka da asuba, ni da direba da wata abokiyar aikina, kula ɗauke da ƙanƙara a kan cinyata. Aikina na farko ke nan tun gama jami'a: in ɗebo ruwan bola da aka tace, in kai ɗakin gwaji a Sheda da sanyinsa. Oga ya ce in ya ɗumama, gwajin ya lalace.

Cunkoson Nyanya ya riƙe mu, amma mun sami ƙosai mai zafi ta taga.

Wurin tace ruwan ƙarami ne, na gwaji, kusa da bola a bayan gari. Ruwan sama yana ratsa shara ya fito baƙi, bututai su kai shi tafki. Warin kam, ba zan iya kwatanta shi ba. A tafki na biyu inji na kaɗa iska, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye ƙazantar. A na uku laka ta kwanta. Daga nan ruwan ya bi ta tsakuwa da ciyawar kacala ya fito kamar shayi mara ƙarfi. Na ga kwaɗi a wurin, na yi murna, ko da yake kwaɗo ba shaidar tsafta ba ne. Na cika kwalabe daga kowane mataki don a kwatanta, na jera su a kular.

Kafin Gwagwalada na buɗe kular, ƙila karo na goma. Ƙanƙarar ta zama ruwa. Direba ya ce yawan leƙena ne ya narkar da ita, kuma ina jin da gaskiyarsa.

Muka tsaya wajen wata mai zoɓo neman ƙanƙara, na buɗe mata kular. Ta ɗaga baƙar kwalbar da na ɗebo daga tafkin farko, ta duba.

"Anti, wannan zoɓo naki ya mutu," in ji ta.

Da na yi mata bayani, ta yi dariya har ta zauna. Ta cika kular da ƙanƙara, ta naɗe ta da buhu, ta ɗaure da kyauron roba.

"Kar ki buɗe kuma."

A Sheda, ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta sa ma'aunin zafi, ta gyaɗa kai, ta karɓa. Sai lokacin na ji yunwa.

Mun dawo Masaka bayan la'asar. Sakamako bai fito ba, don haka ba zan ce ruwan ya tsarkaka ba tukuna. Abin da na koya dai: in an rufe kula, a bar ta a rufe.